Inda Sirdin Keken Ya Tafi

Bodinga,
Alhamis, bakwai ga watan Zulƙida.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa Shagari lafiya, ka tarar ɗakin da aka ba ka ba ya yoyo, mutanen gidan kuma masu mutunci ne. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin abin da kake gani da wanda ba ka gani. Ni ina nan lafiya, gwargwadon lafiyar tsohon da ya rage shi kaɗai a gida.

A watan nan nake cika shekara ashirin da takwas da karɓar takardar da ta lalata mini rayuwa. Ka san labarinta, domin babu wanda ya taɓa zama a zaurena bai ji shi ba har ya gundure shi. Ni na fi kowa maki a ajinmu na kwalejin horon malamai. An yi mini alkawarin ƙaro karatu. Sai wani babba a wurin aikinmu ya zo duba makaranta, ya tsaya gaban allo ya yi kuskure a lissafi, ni kuma na gyara masa a gaban yara. Mako uku bayan haka aka miƙo mini takardar canjin wurin aiki zuwa wata 'yar makaranta mai aji uku, can bayan Dandin Mahe. Mutumin ya rasu tuni. Na je gaisuwa tare da jama'a, na ɗaga hannu da aka ɗaga, amma zuciyata ba ta ce amin ba. Wannan rabin labarin ke nan, rabin da nake so a ji. Ɗaya rabin shi ne abin da ni na yi da hannuna bayan takardar, kuma ban taɓa faɗa wa namiji shi ba sai likita guda.

Ranar Litinin da za ka tafi, ka ce man fetur ya fi ƙarfin babur, aikin malamin gona kuma yawo ne daga fadama zuwa fadama, ko zan ba ka tsohon kekena. Na ce ka ɗauka. Ka fito da shi daga ɗakin hatsi ka tarar babu sirdi, sai ƙarfe a tsaye tsirara. Baffanka Sani yana zaune a zaure, ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaya, wagga wace irin kyauta ta? Bisa ƙarhe kaka so yaro shi zamna? Ango na hwa, bayan Salla za a ɗaura!"

Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Baba, ina sirdin?" Na ce, "Babu." Ka ɗora keken bisa mota ba ka sake dubana ba. Na ga fuskarka, irin ta innarka ce idan an ɓata mata rai ta haɗiye. Na san abin da ka ɗauka: rowa ce, ko kuma halin tsohon nan ne da ba ya ba da abu sai ya gutsure gefensa. Ni na kwance sirdin da sifana da safiyar ranar, bayan ka tambaya, kana can kana karya kumallo.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zama na yi hira da kai kamar yadda Sani yake yi da 'ya'yansa na tsakiya ba. Haka muka tarar, haka na bi, kuma na fake da kunyar nan na ɓoye abubuwan da ba kunya ce ta sa na ɓoye su ba. Abin da zan rubuta ba magana ce ta uba da ɗan fari ba. Amma ba ni da na biyu da zan aika ya gaya maka. Ka karanta kai kaɗai.

Da na je makarantar can, mai garin ya ba ni ɗaki da fili, ya ce in kawo iyalina. Lokacin kana goye. Na ƙi. Na ce wa kaina idan na tare a can, na yarda ke nan da hukuncin da aka yi mini. Gara in riƙa zuwa daga Bodinga ina komawa Bodinga kamar baƙo, har ranar da za su gane kuskurensu su maido ni. Kowane zango ina rubuta takardar koke da Turancin da na san ya fi nasu, kowane zango ina jiran amsa. Na sayi baƙin keken nan mai sanda biyu. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, wani wuri kwalta, wani wuri yashi da tsakuwa, kwana biyar a mako. Na ce na wata shida ne. Na yi shekara goma sha tara.

Za a zalunce ka a wurin aiki, Magaji, wannan ba ko shakka. Idan ranar ta zo, kada ka azabtar da jikinka don ka nuna fushi ga wanda ba ya kallonka. Mutumin nan bai san ina tuƙa keke ba. Ina jin kafin damina ta biyu ya manta sunana. Inda aka ajiye ka, ka zauna kusa da aikinka, ka yi faɗanka daga nan.

Sirdin da keken ya zo da shi na fata ne, mai faɗi, da sifirin biyu a ƙasa. A shekara ta uku fatar ta tsage, sifirin ɗaya ya karye. Ban sayi wani ba. Ba rashin hali ba ne. Sayen sabon sirdi a wurina yana nufin na amince tafiyar nan za ta daɗe, ni kuwa kullum gani nake zangon nan ne na ƙarshe. Sai na yanka tsohon tub na taya siri-siri, na nannaɗe ƙarfen da shi, na ɗaure tamau. Duk lokacin da ya saki in ƙara wani a kai. Gefe da gefe ya matse, tsakiya ta taso ta yi tudu mai tauri. Na ɗaga hancinsa sama don kada in riƙa zamewa gaba idan na shiga yashi. Na kuma ja shi can sama, domin haka malamai suke yi a lokacin, a ga ƙafarka tana miƙewa sosai bisa feda, a san ba manomi ne ke tafe ba. Kan keken kuwa yana ƙasa, dole in sunkuya. Nauyina duka, maimakon ya sauka a kan ƙasusuwan zama, sai ya koma wuri ɗaya: matsematsi, ɗan tsakanin nan na maraina da dubura.

Da minjirya abin ya fara. In na sauka a bakin makaranta sai in ji gabana kamar ba a jikina yake ba. In zagaya in kama ruwa, in riƙe, ban ji na riƙe komai ba. Da farko kafin a gama taron safe ya sake ni. Daga baya sai an fita tara. Daga baya har in hau keken komawa bai sake ni ba, in ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Ba ciwo, shi ya sa na raina shi. Da zafi yake yi da na nemi magani.

Wata ranar kasuwar Shagari na kai keken wurin Buba mai faci ya gyara mini ceni. Yana da rumfa a gindin wata bishiyar dogon yaro, da benci da 'yan zaman hira ba sa rabuwa da shi. Ya gama da cenin, ya miƙe, ya shafa sirdin da tafin hannu, ya danna tudun da babban yatsa, ya dube ni.

"Malam, bisa wanga kaka zamnawa kullum?"

Na ce, "Ceni na kawo maka, ba sirdi ba."

"Wanga ba sirdi ba na, bayan wuƙa na. Ba ka jin minjirya in ka sabka?"

Na mai da idona kan cenin.

Ya rage murya, amma ba yadda na benci ba za su ji ba. "Ni dai ban yi boko ba. Amma masu kai albasa birni bisa keke duk nan su ka zowa, kuma ina jin abin da su ka hwaɗi in sun sake. Akwai wanda matatai ta kwashe kayanta, kuma irin wanga sirdi garai. Bari in sa maka mai hwaɗi, in kwantar da hancin. Ka ji tausayin uwargida, Malam."

Wani daga benci ya ce, "Kai, Buba ya zama likitan 'yan maza!" Aka bushe da dariya.

Na ce, "Buba, aji nawa ka gama?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

Na ce, "To ka tsaya ga faci."

Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri," ya miƙo mini kekena. Daga ranar na canza mai gyara.

Ka duba wannan da kyau. A makon nan ɗin, ina jin, na tsaya gaban 'yan aji uku ina zana musu yadda jini yake zagaya jiki, ina gaya musu idan aka ɗaure yatsa da zare zai mutu. Na san wannan tun ina kwaleji, na ci jarrabawa a kansa. Amma da mai faci ya nuna mini shi a jikina, sai na tambaye shi ajinsa. Kai ma yanzu kana da takarda, za ka shiga cikin masu noman albasa da suka fi ka sanin ƙasarsu. Idan wanda hannunsa yake cikin abu kullum ya gaya maka magana, ka auna maganar tukuna. Ko da a gaban mutane ya faɗa, ko da an yi maka dariya. Dariyar 'yan benci ba ta kai la'asar ba. Abin da na saya da gudun ta yana tare da ni har yau.

Bayan minjirya sai rauni ya shigo. Ba zan tsawaita a nan ba, kai namiji ne, aure kuma za ka yi. Abin da yake tsakanin miji da mata ya fara yi mini wuya, wata rana a samu, wata rana babu, har babu ta yi yawa. Kana da shekara uku innarka ta yi ɓari ɗaya. Daga shi ba ta sake ɗaukar ciki ba, kuma ba daga gare ta ba ne.

Ita ce ta biyu da ta gaya mini gaskiya. Lokacin dogon hutu ne na damina, na yi mako biyar ban hau keke ba, ina gonarmu ta hanyar Danchadi da ƙafa. Da hantsi ne, tana tsintar wake a faifai, kai ka tafi makarantar allo.

Ta ce, "Malam, in hwaɗi wata magana?"

Na ce, "Faɗi."

"Na lura in anka yi hutu ka hi lahiya."

"Wace lafiya? Kin ga ina kwance ne?"

Ba ta ɗago daga faifan ba. "Ka san lahiyad da ni ka nuhi. Bara ma hakanan ta kasance, da anka koma makaranta abin ya dawo. Ko za ka bar keken ga, ko na zango guda, mu koma can mu zamna? Ni ban ƙi ƙauye ba."

Ka san abin da mace irin innarka ta haɗiye kafin ta iya buɗe baki ta faɗi wannan? Shekara biyu tana lura, tana gwada hutu da hutu, kamar yadda aka koya mana a kwaleji a gwada abu kafin a yanke hukunci. Ita da ba ta wuce aji huɗu ba. Ni kuwa na ce mata, "Ke ma kin shiga makarantar Buba mai faci?" Na shuri takalmina na fita. Ba ta sake tayar da maganar ba har abada.

Yarinyar da za ka aura za ta san jikinka fiye da yadda ka san shi, domin kai za ka riƙa yi wa kanka ƙarya, ita kuwa gani take. Ranar da ta daure ta gaya maka abin da ba ka son ji, ka zauna. Ko ba ka da amsa, ka zauna har ta gama. Idan ka fita sau ɗaya irin fitar da na yi, ba za ta ƙara ba, kuma za ka ɗauka zaman lafiya ne.

Maimakon in sauka daga keke, sai na kama basir. Ka san mutanenmu: duk abin da ya sami namiji daga cibiya zuwa gwiwa, basir ne. A majalisa haka ake cewa, masu magani da lasifika a kasuwa haka suke cewa, kuma suna da daɗin ji, domin basir ba abin kunya ba ne, kowa yana da nasa. Na sha jiƙo, na sha sassaƙe, na sha garin da ake damawa a kunu, na sha wani baƙin ruwa a kwalba da ya sa na yi kwana uku ina zawo. Da safe in ɗaure cikina in hau sirdin nan in tafi. Da basir ya ƙi, sai na ce ɗaure ni aka yi, kuma na san wanda ya yi: mutumin da ya canza mini wurin aiki. Ni da na karanta kimiyya, na tsuguna gaban wani mai magani yana zana ƙasa yana gaya mini an binne mini abu a mararraba. Na fi son in ji maƙiyi ne. Maƙiyi ya dace da labarin da nake ba kaina. Tsohon tub da na naɗa da hannuna bai dace ba.

Kada ka ba ciwo suna don sunan yana da sauƙin faɗa. Idan abu ya taɓa ka a wurin nan, ka tafi asibiti tun yana sabo, ka faɗa wa likita da kalmomin da yaro zai gane. Ba zai mutu don ya ji ba, kai ma ba za ka mutu don ka faɗa ba.

Yanzu ga wanda ya fi nauyi. Da ka kai shekara bakwai ba ƙane, kakarka, Allah Ya jiƙanta, ta fara magana. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Garba, matag ga taka ta tsaya. Ka ƙara wata." Na ce ba zan ƙara ba. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce boko ya ɓata ni, wasu suka ce Malam Garba mutum ne mai amana, dubi yadda ya riƙe matarsa duk da ba ta haihuwa. Na karɓi yabon nan na sa a aljihu. Gaskiyar ita ce na san wata macen ba lalle ta yi shiru ba.

Da kakarka ta ga ba zan ƙara ba, sai ta koma kan innarka da magani. Duk inda ta ji ana ba da na haihuwa sai ta aika. Wata rana ina zaune a tsakar gida ina duba takardun jarrabawa, ta kawo wani ƙoƙo mai ɗaci da tun daga inda nake ina jin warinsa. Ta ce, "Ungo, shanye, ko Allah na sa a dace. Ɗana na ta haƙuri da ke." Innarka ta karɓa da hannu biyu. Ta dube ni ta saman ƙoƙon, kallo ɗaya. Na mai da idona kan takarda, na ba wani yaro maki. Ta shanye.

Ta yi shekaru tana shan maganin ciwon da ba nata ba. A gidajen suna mata suna kiranta Uwar Guda, har sunan ya bi ta, kai ma ka taso kana jinsa kana zaton sunan wasa ne. Addini ya ba ta hanyar fita, kuma ta san da ita. Mahaifinta ya taɓa kiranta ya tambaye ta ko akwai abin da ke damunta a gidana, ta ce lafiya lau. Kalma ɗaya daga bakina, a ɗakin kakarka, ƙofa a rufe, da ta sauke mata wannan kaya. Ban faɗa ba. Ina zaure ina ba mutane labarin zaluncin da aka yi mini.

A nan ba ni da wata doguwar nasiha. Kada ka bar mace ta ɗauki kunyarka. Shi ke nan.

A shekara ta goma sha tara fitsari ya fara yi mini gardama, ga wani zafi da yake tsaya mini a matsematsi ko ina zaune a tabarma. Wannan ne ya kai ni asibiti a Sakkwato, ba raunin nan ba. Likitan yaro ne, sa'an waɗanda na koyar. Ya sa aka auna mini sukari da hawan jini, ya ce su ne suka fi kawo irin wannan, amma nawa lafiya lau. Ya yi ta tambaya har na gaji na faɗa masa duka. Sai ya ce, "Baba, me kake hawa zuwa aiki?" Na gaya masa. "Awa nawa? Shekara nawa? Yaya sirdin yake?" Da na kwatanta masa sirdin, ya ajiye biro. Ya jawo takarda ya zana mini ƙasusuwan zama guda biyu, ya zana jijiyoyin da suke bi ta tsakaninsu, na jini da masu kai ji, zuwa gaba. Ya ce an halicci mutum ya zauna a kan ƙasusuwan nan ne. Idan sirdi ya yi siriri da tauri, hancinsa kuma a sama, to a kan jijiyoyin ake zaune. Minjiryar nan ita ce ƙararrawa. Ya ce ba zai rantse mini cewa keke kaɗai ne ba, kuma mutane da yawa suna hawa har tsufa ba abin da ya same su. Amma wanda ya ji jiki yana mutuwa ya gyara zama tun da wuri, galibi yakan dawo daidai. Wanda ya yi shekaru yana dannewa, wani lokaci ba ya dawowa.

Na dubi zanen. Na fi shi iya zana shi.

Ya ba ni magunguna. Fitsarin ya gyaru, zafin ya tafi. Ɗayan bai dawo ba. Na jingine keken a ɗakin hatsi, na ƙarasa shekarun aikina ina kwana a ɗakin da mai garin ya ba ni tun farko, wanda ya zama wurin ajiye buhuna. Da na dawo daga asibiti ranar, na gaya wa innarka abin da likita ya ce, duka, ban rage ba. Lokacin kakarka ta riga ta rasu, innarka kuma ta wuce shekarun haihuwa. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ashe da mun tare." Ta tashi ta ɗora tukunya.

To ga abin da nake so ka yi. Keken lafiyarsa lau, ƙarfensa ya fi na yanzu, kuma ban ce kada ka hau ba. Ranar kasuwa ka tura shi zuwa gindin dogon yaron nan. An ce mini Buba yana nan da rai, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ne suke aikin, shi yana benci. Ka bar shi ya zaɓa maka sirdi da hannunsa: mai faɗi daga baya yadda ƙasusuwan zamanka za su sauka a kai, mai sifirin, ba mai tudu a tsakiya ba. A kwantar da shi daidai, kada hanci ya dubi sama ko kaɗan. Kada a ja shi sama har ka riƙa karkata gefe da gefe kafin ka kai feda, kuma a ɗaga maka kan keken ka zauna a miƙe. In tafiya ta yi nisa, ka riƙa tashi tsaye bisa feda jini ya zagaya. A wurin tsakuwa da ramuka ka ɗaga jikinka. A yashi ka sauka ka tura, ba wanda zai rage maka daraja. In fatar ta tsage, ka canza a ranar, kada ka naɗa komai. Ranar da ka sauka ka ji minjirya a wurin nan, ko sau ɗaya, kada ka sake hawa sai an gyara zaman. In ta wuce kwana ɗaya ba ta sake ka ba, ka tafi asibiti. Idan aikin ya koma Lambara ko wani wuri mai nisa, ka ɗauki matarka ku tare a can.

Idan kun gama, ka durƙusa ka gaida Buba. Ka ce kai ɗan malamin nan ne na Bodinga da ya tambaye shi ajinsa. Zai tuna. Ka ce na ce shi ne da gaskiya, ya yafe mini. Na so in je da kaina, sau uku ina shiryawa ina fasawa, kuma na san halina.

Abu na ƙarshe. Akwai tsofaffin mata a danginmu da har yau idan an ambaci innarka sai su ce, Allah sarki, Uwar Guda. Za su zo bikinka. Idan ka ji wata ta faɗa, na ba ka izini ka ce mata ba daga innarka ba ne, daga mahaifinka ne. Ka faɗa ko ina wurin. Shekara shida ke nan da rasuwarta ina cewa zan faɗa da bakina.

Allah Ya kiyaye ka a kan hanya, Ya tsare maka lafiyarka ta fili da ta ɓoye. Allah Ya sa albarka a aikinka da aurenka, Ya ba ka kunnen da ban samu ba, Ya cika maka gida. Ka gaida mai gidan da ya sauke ka. Ka riƙa yi wa innarka addu'a, ni ma ka sa ni in ka ga dama.

Ka tambaye ni ina sirdin. Yana rataye a ƙusa a ɗakina, bisa akwatin innarka. Bayan addu'ar bakwai na buɗe akwatin don a raba kayanta. A can ƙasa na tarar da zannuwan goyo guda uku, sababbi, a ninke yadda aka sayo su, ba a taɓa sa musu ruwa ba. Ban ba kowa ba. Ƙannenka ke nan.

Mahaifinka,
Garba.